Kafin Ka Biya Kuɗin Kwas A Intanet

Tambaya: Na gama HND, ina zaman jiran aiki. Na tara 'yan kuɗi, ina so in biya kwas na koyon rubuta manhajar kwamfuta a Coursera, dandalin kwasa-kwasai na intanet, don in samu satifiket. Shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu? Daga wani matashi a Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Shiga irin waɗannan kwasa-kwasan abu ne mai sauƙi, kai wa ƙarshe ne aiki. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 kan kwasa-kwasan jami'o'in Harvard da MIT a dandalin edX ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018, kusan mutum 3 cikin 100 ne kawai suka kammala abin da suka fara. Dalilin a fili yake. Babu malamin da zai tambaye ka ina aikin gida, babu abokin karatu da zai ja ka. Mu nan kuma ga tsadar data, ga ɗauke wuta, ga biyan kuɗi da dala.

Fara da CS50, kwas ɗin Harvard na masu fara koyon ilimin kwamfuta. Kyauta ne, darussan suna YouTube, kuma idan ka samu aƙalla kashi 70 a kowane aiki da aikin ƙarshe, za su ba ka satifiket ba ko sisi. Kwas ɗin yana da zafi, kuma zafin nan shi ne amfaninsa. Ka sauke bidiyon da daddare lokacin da data ke da arha. In ka yi sati biyar ba ka yar da shi ba, to ka san kanka, sai ka nemi tallafin kuɗin karatu da Coursera ke bai wa marasa hali kafin ka taɓa aljihunka. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni sun fi son ka nuna musu manhajar da ka gina da hannunka.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Zariya mai NCE. Satifiket ɗin intanet zai iya tsaya mini a madadin digiri wajen ƙarin girma?

Amsa: A'a, Malama, ko guda ashirin kika tara. Ma'aikata digiri take nema, daga jami'ar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da ita. Tunda ga aiki ga gida, duba Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. ABU da ke kusa da ke ma tana da cibiyar karatu daga nesa. NOUN tana sa littattafan darussanta a shafinta kyauta. Ki sauke na shekarar farko a fannin da kike so, ki gwada karanta su wata guda bayan kin tashi daga makaranta, sannan ki je cibiyar karatunsu mafi kusa ki tambayi kuɗin kowane zango da yadda ake zana jarrabawa.