Yadda sinadari mai dunƙulen ƙarfe ke zama a saman ruwa

Malam, kai da ka rubuto daga Agege kana tambayar abin da ke kai wannan sinadari saman ruwa, aikinsa irin na sabulu ne. Kowace ƙwaya tana da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa. Sai ta haura sama, kai a ruwa, jela a iska, ƙarfin fatar ruwan, wato jan da ke riƙe saman ruwa kamar fata, ya ragu. Na ruwa zalla kusan milinyutan (ma'aunin ƙarfi) 72 ne a mita.

Kan ƙwayar ne ya bambanta shi da sabulu. Dunƙulen ƙarfe ne kamar tungsten haɗe da oksijin, ƙato, ga cajin lantarki. Kawunan suna tunkuɗe juna, kaɗan ke samun gurbi a saman ruwan. A zuba gishiri, tunkuɗar ta ragu, su ƙara matsewa. In saman ya cika, ragowar sai su curu a cikin ruwan.