Ku Tambaya: Digirin jami'ar jiha daidai yake da na tarayya?

Assalamu alaikum Malam, yarona ya rubuta JAMB amma makinsa bai kai na kwas ɗin da yake so a Jami'ar Jos ba, ana ta ce mana ya koma ta jiha da ke Bokkos, ni kuma wallahi tsorona kar ya gama a ce takardarsa ba ta da daraja. Ya zan yi?
Wata uwa, Unguwar Rogo, Jos

Wa alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki. Ta Jos ta tarayya ce tun 1975, ta Bokkos kuwa gwamnatin Filato ta kafa ta a 2005, amma dukkansu hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ce ke tantance kwasa-kwasansu, kuma digiri digiri ne, bautar ƙasa ma tare za su tafi. Abin da za ki bincika shi ne ko an amince da wannan kwas ɗin nasa, nan ne ake yawan tafka asara.

Sai maganar kuɗi, jami'o'in jiha sukan caji wanda ba ɗan jiha ba fiye da ɗan jiha, to kin san dai yadda batun takardar shaidar ɗan jiha yake a garin nan, ku fara nemanta tun yanzu. Canjin makaranta kuma ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita, ban da 'yan ɗan-kawo-in-yi-maka na bakin titi.