Hukuncin Buga Littafin Wani a Sayar Ba da Izininsa Ba

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina da shagon fotokwafi kusa da wata makaranta. Ɗalibai kan kawo littafi mai tsada in buga musu, har na fara tara kwafe-kwafe ina sayarwa da araha. Wani ya ce haram nake ci, ni kuwa na ji cewa ɓoye ilimi shi ne haram. Ina gaskiyar take?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, tara kwafen da kake yi kana sayarwa bai halatta ba. Annabi (SAW) ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa. Za ka ce takarda da tawada naka ne. Haka ne, amma mai saye ba farar takarda ya zo nema ba, abin da ke rubuce a kanta ya biya, wanda marubuci ya yi shekaru yana wahala a kai, maɗaba'a kuma ta zuba jari. A mazhabarmu ta Malikiyya amfanin abu dukiya ne, shi ya sa haya ta halatta.

Akwai malaman da suka saɓa, musamman wasu daga Hanafiyya, suna ganin wanda ya sayi littafi ya mallake shi, ya yi yadda ya so. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa abu ne da Shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Wannan shi ne abin da na rinjayar. Ga kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda ba ta saɓa wa Shari'a ba, don haka bin ta wajibi ne.

Batun ɓoye ilimi kuwa, hadisin da ya ce za a sa wa mai ɓoye shi linzamin wuta yana magana ne a kan wanda aka tambaya ya ɓoye. Wanda ya rubuta ya kai kasuwa ai bai ɓoye komai ba, ladan aikinsa ya nema. Abin mamaki, ba a tuna wannan hadisi sai ranar da za a ci gumin marubuci.

Matanin Ahalari ko Risala babu mai haƙƙinsa yau, kowa na iya bugawa. Amma fassara ko sharhin da wani malami ya yi musu a wannan zamani nasa ne. Ɗalibin da ya kwafi 'yan shafuka don karatun kansa, musamman idan littafin ya yanke a kasuwa, ina ganin akwai sauƙi a kansa.

Ka daina sayar da kwafen da ka ajiye, ka tuba, ka nemi marubucin ko maɗaba'ar ku sasanta kan ribar da ka ci. In ka nema ba ka same su ba, ka ƙiyasta ta ka yi sadaka da ita a madadinsu. Wallahu a'alamu.