Jirgin da aka yi wa zanen jakin dawa

Ɗana, ka tambaye ni ko hannun mai zanen ne ya goce, shi ya sa jirgin ruwan da ke cikin bugaggen hoton nan na tashar Liverpool ya fito kamar an farfasa shi an sake haɗawa. Hannunsa ƙalau. Haka jirgin yake.

A 1917 jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun hana Ingila sakat. Sai Norman Wilkinson, mai zanen jiragen ruwa da ke aiki da sojan ruwa, ya ce jirgi ba ya ɓoyuwa a teku, hayaƙin kwal kaɗai ya isa ya tona masa asiri. To a bar ɓoyo, a rikita maharbi. Shi tofido, makamin da jirgin ƙarƙashin teku ke harbawa, ba inda jirgi yake ake auna shi ba, sai inda zai kai. In mai leƙe ta madubin jirgin ƙarƙashin teku ya kasa gane ina goshi ina baya, ko ina jirgin ya dosa, harbinsa ya tafi a banza. A Landan aka riƙa fenta ƙananan jiragen katako, akasari mata ne ke aikin, a leƙa su ta madubin, sannan a kai samfurin tasha. Kuma ba baƙi da fari kaɗai ba ne, akwai shuɗi da kore. Bugun ne ya cinye su.

Yanzu ga inda abin ya shafe ka, kai da za ka yi naka zanen a fallen jan ƙarfe. Edward Wadsworth, wanda ya kula da fentin a Liverpool, garin da kake hana mu barci da ƙwallonsu, a katako ya sassaƙa nasa, don katako na ba da baƙi shimfiɗe. Jan ƙarfe bai san wannan ba. In ka kankare kakin da aka shafe fallen da shi da faɗi ka tsoma cikin asid, rami za ka samu mai faɗi, tsumma ya kwashe tawadar tas wajen gogewa, ka buga ka ga toka-toka. Sai dai ka jera layuka kusa da kusa da allura, ko ka barbaɗa garin ƙaro ka ɗumama fallen kafin asid ya ci, tawada ta sami wurin kamawa.

Fara fitar da jirgin tsirara tukuna, da jikinsa da bututun hayaƙinsa, kowanne a mazauninsa, sannan ka ɗora ratsin. Wanda ya fara da ratsi, fentin ya ci shi kamar yadda ya ci Bajamushe.

Kada kuma ka manta bugu juyawa yake yi. Zanen gefen dama na jiragen nan daban yake da na hagu, in ba ka duba ta madubi ba sai ka sa wa dama rigar hagu, tashar ma ta koma bai-bai. Ɗauko madubin can, ka jiƙa takarda tun yau don gobe.