Yadda 'yan Hindu ke yi wa kakanninsu Shraddha

Ka tambaya me maƙwabtanka 'yan Hindu ke yi duk shekara da suke taruwa don tuna magabatansu. Sunan ibadar Shraddha, kuma lokacinta mafi girma shi ne Pitru Paksha, kwana 15 zuwa 16 na raguwar wata, galibi tsakanin Satumba da Oktoba.

Babban ɗa ne ke jagoranta. Bayan tsakar rana yakan yi wanka, ya fuskanci kudu, ya mayar da zaren ibada da yake ratayawa a jikinsa zuwa kafaɗar dama. Ana dafa shinkafa a cakuɗa da baƙin riɗi, man shanu da zuma, a dunƙula curi uku: na uba, na kaka, da na baban kaka. Sunan curin pinda. Sannan a zuba ruwa mai riɗi ta kan ciyawar kusha ana kiran sunayen mamatan. Ba a sa albasa ko tafarnuwa a girkin ranar. Kafin iyali su ci, sai an ajiye rabon hankaka, saniya da kare, an kuma ciyar da Brahmanai, wato 'yan ajin malaman addinin Hindu.

Inda ake yawan kuskure shi ne rana. Ba kwanan watan Bature ake bi ba, tithi ake bi, wato ranar wata da mutumin ya rasu. Wanda ya manta ta sai ya jira ranar ƙarshe ta Pitru Paksha, wato Mahalaya. Masu hali kan tafi garin Gaya a jihar Bihar ta Indiya, bakin kogin Phalgu, don yin ibadar a can.