Rikicin siyasa da baƙi masu yawon buɗe ido

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske zanga-zanga a babban birni na iya korar baƙi daga wurin shaƙatawar da ke can nesa. Ƙwarai kuwa. Dubi Masar. A 2010 mutum kusan miliyan 14.7 suka ziyarce ta. Ranar 25 ga Janairun 2011 aka cika dandalin Tahrir a Alƙahira, shugaban ƙasar Hosni Mubarak ya sauka daga mulki a Fabrairu, kuma baƙin shekarar ba su kai miliyan 10 ba. Sharm el-Sheikh, wurin shaƙatawa a Masar, tana bakin Bahar Maliya, tafiyar sa'o'i ce daga Alƙahira, amma ɗakunan otal-otal ɗinta sun yi ta kwana babu kowa.

Dalilin shi ne ba baƙon kaɗai ke yanke shawara ba. Gwamnatinsa za ta fitar da gargaɗin tafiya, kamfanin inshora ya ce ba ruwansa, mai jirgin haya ya soke tashi. Ko mutum bai ji tsoro ba, ta ina zai bi?

Mu ma nan Zariya mun ɗanɗana, bayan zaɓen Afrilun 2011 da aka sa dokar hana fita. Ina da maƙwabci baduku a cikin birni, mai ɗinka jakunkuna da layun doki. A da, lokacin Hawan Daushe, Turawa kan tsaya da kyamara a ƙofar fada, su biyo ta rumfarsa. Shekarar nan jakunkunan suka yi ta shan ƙura a rataye, har ya koma gyaran takalman 'yan makaranta.