Tambaya da Amsa: Sanatan da ya yi kusan awa 15 a tsaye saboda bindiga

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Gusau. Duk sanda aka ce wani ya shiga makaranta a Amurka ya buɗe wa yara wuta, sai in ji an sako muryar wani sanata Chris Murphy a rediyo yana ta faɗa. Ƙanena kuma ya ce mini ai mutumin yana cikin masu goyon bayan zubar da ciki. Wane ne shi? In da gaske yake, me ya hana shi kawo doka a hana bindigar kowa ya huta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Murphy ɗan jam'iyyar Democrat ne, sanata daga jihar Connecticut. Abin da ya ɗaure shi da maganar bindiga ya faru ne ranar 14 ga Disamba, 2012, a makarantar firamare ta Sandy Hook da ke garin Newtown. Wani matashi ya kashe yara 20, 'yan shekara 6 da 7, da manya 6 ma'aikatan makarantar. A lokacin Murphy ne ɗan majalisar wakilai na yankin, wata guda da 'yan kwanaki ke nan da ya ci zaɓen sanata. Ya je ofishin 'yan kwana-kwana inda aka tara iyaye suna jiran a faɗa musu ko 'ya'yansu na raye. Ke da kike tsayawa gaban 'yan aji ɗaya kullum, ba sai na kwatanta miki wannan ɗakin ba.

To me ya hana shi? Na farko, tsarin mulkinsu. Gyara na biyu da aka yi masa tun 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami, don haka "a hana bindiga" ba ta ma cikin lissafi. Iyakaci a yi gardama kan wa za a sayar wa, da wace iri. Na biyu kuma ƙidaya. Sanatoci 100 ne, amma bisa ƙa'idar zaurensu yawancin kudurori sai sun samu ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara a wuce gaba. A Afrilun 2013, jinin yaran bai gama bushewa a zukatan mutane ba, aka kawo kudurin faɗaɗa binciken masu sayen bindiga. Ya samu 54, ya faɗi da rinjaye a hannunsa.

A Yunin 2016, bayan wani ɗan bindiga ya kashe mutum 49 a birnin Orlando, Murphy ya miƙe a zauren majalisa ya ƙi sakin magana har kusan awa 15. Dokar wurin ita ce in ka zauna ko ka fita, ka rasa damarka. Ya rufe da ɗaga hoton wani yaro ɗan shekara 6 daga cikin waɗanda aka kashe a Sandy Hook. An yarda a kaɗa ƙuri'a, aka kawo kudurori 4, dukkansu suka sha ƙasa. A ganina wannan tsayuwar suna ta yi masa, ba doka ba.

Dokar ta zo ne da ya sauya salo. A Mayun 2022 aka kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde, jihar Texas. Murphy ya yi ta tambayar takwarorinsa, "Me muke yi ne?" Amma daga nan bai koma dogon jawabi ba, sai ya zauna ciniki da John Cornyn, sanatan Republican daga Texas, mutumin da masu son bindiga ke ji da shi. Ya haƙura da abubuwa da yawa da yake so, don ya san da babu gara ba daɗi. Sanatocin Republican 15 suka biyo, kudurin ya wuce da 65 da 33, Shugaba Biden ya sa hannu ranar 25 ga Yuni. Rabon da a yi babbar dokar bindiga ta tarayya tun 1994.

Batun ƙanenki kuwa, bai yi masa sharri ba. Murphy na cikin masu cewa mace ce ke da ikon yanke shawara kan cikinta, kamar akasarin 'yan jam'iyyarsa. A Mayun 2022 ya zaɓi kudurin da zai sa wannan ikon ya zama doka a duk faɗin ƙasar. Aka tashi 49 da 51, ko rabi bai kai ba. Kwana ɗaya kafin Biden ya sa hannu a dokar bindigar, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki, ta mayar wa jihohi wuƙa da nama. Yau a Connecticut halal ne a doka, a Texas haramun ne sai in ran uwa na cikin haɗari, wanda ya yi kusa da abin da dokarmu ta Najeriya ta tanada. Siyasarsu a ɗaure take kamar damin gero: wanda ya burge ki kan kare yara daga harsashi, shi ne zai saɓa miki a wannan. Ba dole ki ɗauki damin gaba ɗaya ba.

Ki kuma lura da iyakar dokar bindigar tasa. Ta ware dala miliyan 750 don taimaka wa jihohi, ciki har da masu tsarin da alƙali zai iya karɓe bindiga daga hannun wanda ake jin tsoron zai yi ɓarna. Ta tsaurara bincike kan 'yan ƙasa da shekara 21. Amma ba ta hana sayar da bindiga samfurin AR-15 ba, irin wadda aka yi aika-aikar Sandy Hook da Uvalde da ita. Maharin Uvalde ya sayi tasa ne yana cika shekara 18. Yau ma sa'ansa a Texas zai iya shiga shago ya saya, sai dai binciken na iya sa ya jira har kwana 10 na aiki kafin a miƙa masa.